'Yar Sa-ido

Ranar Laraba aka ɗaura ta a Kwangila,
ƙarƙashin gada, inda mai shayi ke fifita wuta.
Wata yarinya daga Samaru ta zo da ita a kwali,
ba ta fi ƙwayar goro ba,
ta manna ta gaban sitiyari, tana fuskantar Oga Tambai.
Ta ce tana ƙirga ƙiftawar ido,
tana gane hamma, tana sanin lokacin da wuya ya saki.
Oga ya tofar da asuwaki, ya ce,
shekara ashirin da uku ina bin hanyar Kaduna,
yau aka kawo mini mai raino.

Ni ne yaron motarsa.
Kafin ta zo, wannan aikin nawa ne.
Ni ke ɓare masa goro in mun wuce Ɗan Magaji,
ni ke tsokanarsa da zancen ƙwallo,
in na ga kansa ya fara rinjaya
sai in ce, Oga, kamar tayar baya na kuka,
don dai ya zabura ya zage ni.
Zagin nan ban taɓa jin zafinsa ba.

Yanzu ita ke kukan, siriri, mai huda kunne.
'Yan tasha suka raɗa mata 'Yar Sa-ido,
don cikinta ba ya riƙe magana:
kafin mu sauke fasinja, ofis ya ji.

Ta san ido ya rufe na daƙiƙa biyu.
Ba ta san Uwale na kwance a Shika ba,
ba ta san a kan benci ya kwana, bakin ɗakin yara,
takardar magani a ninke cikin aljihu.
Ba ta san balas ba ya zuwa dubiya.
Shi ya sa da ya kife hularsa a kanta
na kau da kai, na ci gaba da kiran lodi.

Sawu na huɗu, da dare, ruwan Agusta na yayyafi.
Mun baro Jaji da mutum goma sha takwas,
da buhun barkono, da ɗalibai biyu, da jariri.
Ban san inda na tafi ba.
Na dai tuna sanyin ƙofa a kumatuna,
da goron da ban gama ɓarewa ba.
Barci ɓarawo ne, ya fara da mai gadin.

Wani rami ne ya yar da hular.
Sai kukan nan.
Na buɗe ido a kan bayan tirela, tsaye, ba fitila,
kusa har na karanta rubutun jikinta.
Oga ya murɗa, mota ta yi salati da mu duka.

Ya gangara gefe, ya kashe.
Wani mai jaka ya fara faɗa, yana nuna agogo.
Wata tsohuwa daga kujerar baya ta ce,
ɗan nan, gara a ce mun makara.
Shiru. Sai ruwa a kan rufi.
Oga ya kifa goshi a sitiyari,
minti ashirin, ina tsaye waje ina jiƙewa,
ina karkata motoci da tocilan.

Washegari ofis ya kira shi.
Hutun kwana biyu, ba ko sisi.
Ya wuce Shika a bayan acaɓa, bai ce komai ba.

Yanzu da asuba, kafin ya tayar da inji,
yakan goge idonta da bakin rigarsa,
ya ce, munafuka, kin tashi lafiya?
Irin muryar da yake zagina da ita.
Ni kuma ina ɓare goron har yau,
sai dai rabi nake ba shi.